Awon Malam Ilyasu

A shekarun da kuɗin mai suka cika Abuja, lokacin da kowace hukuma take sayo sababbin motoci, kuma ba a yin mako guda ba a yanke ƙyallen buɗe wani gini ba, an yi wani ma'aikaci a Hukumar Raya Sana'o'in Karkara mai suna Malam Ilyasu. Tsawonsa ƙafa bakwai ne babu kaɗan. Babu ƙofar ofishin da ba ta san goshinsa ba. Fankar ɗakin taro ta tsige masa hula har sau uku, daga nan aka daina kunna ta idan yana ciki, kowa ya riƙa shan zufa dominsa. Idan ya shiga tasi daga Kubwa, sai an zuge kujerar gaba har ƙarshe, duk da haka gwiwoyinsa suna gaisawa da haɓarsa. A masallacin ma'aikata ba mai son tsayawa a gabansa, domin idan ya yi sujada kansa tsakanin dugadugan mutum yake sauka. Telansa kuwa cewa yake ɗinka masa kaftani daidai yake da yi wa tirela tamfol.

Wani da haƙuri zai ɗauki wannan hali. Ilyasu da alfahari ya ɗauke shi.

"Ku da kuke can ƙasa me kuke gani?" haka yake ce wa abokan aikinsa. "Ni daga nan nake hango al'amari tun bai taso ba."

Abin da ya daɗe yana hangowa shi ne kujerar shugaban sashen shirya bukukuwa, wadda ta zama babu kowa a kai tun da mai ita ya yi ritaya. Kowa a hukumar ya san wadda take yin aikin sashen. Madam Justina ce, shekara tara tana tsara duk wani taro, tun daga kujera har lasifika, ba a taɓa jin an yi tuntuɓe ba. Amma ba ta taɓa riƙe wa daraktan mulki, Alhaji Maitama, jaka zuwa mota ba. Ilyasu kuwa kullum yana riƙewa.

Sai aka naɗa wa hukumar sabon shugaba, Dakta Umar Farouk. Fitarsa ta farko ita ce buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a wani ƙauye kusa da Kwali. Alhaji Maitama ya tara ma'aikatan sashen, ya ɗaga fayil sama, ya ce duk wanda ya gudanar da wannan biki lami lafiya, kujerar tasa ce. Bai gama rufe baki ba ya miƙa wa Ilyasu fayil ɗin.

"Aiki ne na rana da ƙura," in ji shi. "Sai namiji. Justina, ke ki kula da ruwan sha da kujeru."

Justina ta dubi fayil ɗin, ta dubi mai riƙe da shi, abin da ya sa sai da ta ɗaga kai kamar mai neman jinjirin wata.

"Oga Ilyasu, ka taɓa ganin sabon shugaba?"

"Kullum ina ganinsa." Ya nuna hoton da aka rataya a bango: fuska mai cika, faffaɗar kafaɗa, doguwar hula.

"A tsaye nake nufi."

Tambayar ba ta wasa ba ce. Shugaban ta ƙofar baya yake shigowa, cikin mota mai baƙin gilashi, ya hau lif ɗinsa shi kaɗai zuwa hawa na bakwai. Ƙananan ma'aikata ba su san komai nasa ba sai hoto da sa hannu.

"Madam, dubi wannan ƙirji. Dubi wannan wuya. Mutum ne irinmu, ginanne."

"Ni dai kafin kowane biki ina aikawa wurin telan oga a karɓo mini awonsa. Da shi nake sanin tsayin mumbari, da inda za a ɗaura ƙyalle."

Ilyasu ya yi dariya har hularsa ta goge silin. "Awon tela! Wando za mu ɗinka masa ne?"

"Direbansa ya gaya mini cewa..."

"Direba! Alhaji, ka ji? Yanzu hukumar tarayya ta koma karɓar shawara daga direbobi."

Alhaji Maitama ya duba agogo. Taro ya tashi.

Washegari Ilyasu ya naɗe kansa cikin motar ofis, suka nufi Dei-Dei, wurin wani mai walda da ake kira Thaddeus. Da shigarsa rumfar, kwanon rufi ya yi masa maraba da ƙara, har fataken shanu da ke shan shayi a tsallake suka juyo. Thaddeus ya kashe injin, ya zaro tef ɗin awo.

"Mayar da abin nan aljihu," in ji Ilyasu. "Yau gwamnati ta aiko ma'auni da ƙafarsa." Ya miƙe sosai, ya kafa hannu a ƙirjinsa. "Mumbarin jawabi, zuwa nan."

Thaddeus ya ja da baya domin ya ga wurin da kyau. "Oga, mumbari ne ko ƙafan tankin ruwa?"

"Mumbari. Na ƙarfe, mai rufi gaba da gefe. Sandar makirfo kuma daidai bakina, ka like ta da walda. Ba na son waɗannan da kowa ke murɗawa suna kuka."

"Mutumin da zai yi magana, shi ma dogo ne kaman kai?"

"Shugaba ne fa."

"Na ji shugaba ne. Ƙafa nawa ne?"

"Kai, aikinka walda ko tambaya?"

Thaddeus ya ɗaga kafaɗa, ya hau kan tsohuwar taya, ya shata alli a jikin ƙarfe. Suna cikin haka wani direban babbar mota ya leƙo ya ce, "Alhaji, don Allah duba mana saman lodin nan, igiya ta kwance ne?" Ilyasu ya leƙa, ya ce ta kwance. Fatake suka tafa masa. Ya juyo ya dubi Thaddeus.

"Ka gani? Duk inda na je sai an nemi ra'ayina."

Ana gobe biki ya sauka a ƙauyen da hantsi. Rumfunan da aka kafa ya fara cin karo da su, ya buga kai a sandar farko, nan take ya ba da umarni a ɗora kowace ƙafa a kan bulo uku. Aka ɗora. Ya sa aka buga ƙusoshi biyu a ƙofar cibiyar, daidai haɓarsa, domin a cewarsa ƙyalle a ƙasa ba ya fitowa a talbijin. Allon marmara mai ɗauke da sunan shugaba kuwa ya sa magini ya hau tsani ya kafe shi daidai idonsa, aka rufe da ɗan labule.

Igiyar jan labulen ta sauko har kusa da ƙasa. Wata akuya ta zo ta shinshina ta. Ilyasu ya ciro reza ya yanke igiyar, ya bar abin da bai fi tsawon yatsa biyu ba.

"Da ban hango ba, da akuya ce ta ƙaddamar mana da cibiya."

A gefe matan ƙauyen suna jera tukwane da randunan da za a nuna wa baƙi. Shugabarsu, Mama Monica, tsohuwa ce da ba ta da tsoron mai kaftani. Ta sa hannu ta kare rana, ta ɗaga kai.

"Ɗana, wannan rubutu wa zai karanta? Shaho?"

"Mama, abin gwamnati sama ake sa shi."

"To. Mu dai tukunyanmu a ƙasa yake. Ka taka a hankali."

Da la'asar Justina ta iso da kujeru. Ta tsaya gaban mumbarin, ta zagaya shi. Sai ta koma mota ta ɗauko akwatunan lemo guda biyu na katako, ta tura su bayan mumbarin, ta rufe da darduma. Ilyasu ya hango ta daga can ƙarshen fili, wannan kam ba a musa masa.

"Mene ne wannan?"

"Matakala ce. Ka bar ta a nan, ba za ta cije ka ba."

"Shugaban hukuma a kan akwatin lemo, kamar mai tallar maganin basir a tasha? Madam, na san kina son kujerar nan, amma ba ta hanyar kunyata ni ba."

"Oga Ilyasu, mutumin nan bai kai kafaɗata ba."

"Hassada," in ji Ilyasu, "har tsawon mutum take ragewa." Ya ɗauki akwatunan da hannu ɗaya ya cilla su bayan motar da za ta koma gari, ya tsaya har ta tashi.

Ranar biki, tun ƙarfe goma fili ya cika. Ga hakimi da fadawansa, ga 'yan majalisar ƙaramar hukuma, ga makaɗa, ga 'yan jarida da kyamarori. Rumfunan sun yi tsayi ƙwarai, don haka rana ta shigo ta ƙarƙashinsu ta zauna a kan cinyar manyan baƙi, inuwar kuma ta koma can cikin gonar rogo. Hakimi yana fifita da takardar shirin taro. Ilyasu yana kai da kawo cikin sabuwar shadda, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa daga Litinin za a riƙa samunsa a ofishi mai kafet.

Jiniya ta taso. Motoci bakwai suka tsaya cikin ƙura. Ilyasu ya riga ɗan sanda isa ga baƙar motar tsakiya, ya buɗe ƙofa. Wani ɗan gajeren mutum cikin farar babbar riga ya sauko. Ilyasu ya dubi saman kansa, ya leƙa cikin mota, sannan ya sa bayan hannu ya ɗan ture shi.

"Malam, matsa gefe, shugaba zai fito."

"Ya fito," in ji mutumin.

Fuskar hoton ce. Kafaɗar hoton ce. Sauran jikin ne kawai mai hoto bai ga dalilin ɗauka ba. Alhaji Maitama, wanda ya fito daga motar baya, ya rufe ido kamar mai addu'a.

Ilyasu ya zube a kan gwiwoyinsa. "Ranka ya daɗe! Allah ya taimaki shugaba!" Ko a durƙushe, sai da Dakta Umar Farouk ya ɗan ɗaga kai kafin su haɗa ido. Ilyasu ya ƙara sunkuyawa, ya ƙara, har ya zama kamar mai neman allura a ƙasa.

"Tashi, mu je."

Ya tashi, ya fizge lema daga hannun ɗan sanda, ya buɗe ta a kan shugaba. Lemar ta tsaya can sama kusa da wayar lantarki. Inuwarta ta sauka a kan mai ɗaukar jaka da ke taku uku a baya, wanda ya yi godiya da kai. Shugaba ya taka cikin rana tsirararta har wurin zama.

Bayan addu'a da jawabin maraba, mai gabatarwa ya kira shugaba. Aka yi tafi. Dakta Umar Farouk ya miƙe, ya gyara riga, ya zagaya bayan mumbari, ya ɓace.

Ba a ganin komai sai ƙololuwar hula. Hular ta juya dama, ta juya hagu. Wata 'yar murya ta taso daga cikin ƙarfen, makirfo kuwa yana can sama yana sauraron iska. Wani ɗan majalisa ya yi yunƙurin lanƙwasa sandar, amma Thaddeus ba ya aikin wasa.

"Ina ogan ya tafi?" wata mata ta tambaya da ƙarfi.

"Yana ciki," in ji wata. "Ga hulansa yana motsi."

Justina tana can bayan fili wajen ruwan sha. Ta buɗe kwalba ɗaya, ta sha da kanta.

Ilyasu ya ga kujerar sashen tana zame masa, sai dabara ta zo masa. Ya tsaya gefen mumbarin, ya kara kunne ƙasa, sannan ya miƙe ya sa baki a makirfo, wanda ya zo masa daidai kamar an auna, domin kuwa an auna.

"Yallaɓai ya ce yana farin cikin kasancewa a wannan gari mai albarka." Ya sunkuya, ya miƙe. "Yallaɓai ya ce gwamnati ba za ta manta da mutanen karkara ba." Aka ɗan tafa. Ilyasu ya ji daɗi, ya saki jiki, yana sunkuyawa yana miƙewa kamar famfon burtsatse. "Yallaɓai ya ce sana'ar hannu ita ce ƙashin bayan ƙasa. Yallaɓai ya ce wane sakaran ne ya ƙera wannan..."

Ya tsaya. Lasifika huɗu sun riga sun kai maganar har bakin rafi.

"Ga shi nan kusa da kai, oga!" Mama Monica ta amsa daga cikin mata.

Fili ya kece da dariya. Fadawan hakimi suka rufe bakinsu da rawani, kafaɗunsu na rawa. Shugaba ya fito daga bayan mumbari ba tare da ya kai shafi na biyu ba, ya nufi ƙofar cibiyar da sauri.

Ƙyallen kore da fari yana sama da hularsa da kusan taƙi guda. Aka miƙo almakashi a kan faranti. Ya ɗaga hannu, ya yi ɗage, bakin almakashin ya tsaya yana cizon iska. Ilyasu ya ce, "Bari in sauko maka da shi, ranka ya daɗe," ya kama tsakiyar ƙyallen ya danno. Ƙusoshin biyu suka fice lokaci guda, ɗaya ta sami gangar makaɗi, ƙyallen ya faɗi ƙasa lafiyarsa lau, ba a yanke shi ba. Shugaba ya dube shi, ya tsallake.

Saura allo. Masu kyamara suka matso, domin wannan ne hoton da za a nuna a labaran ƙarfe tara. Dakta Umar Farouk ya ɗaga kai ya hango guntuwar igiya tana lilo a sama. Ya miƙa hannu. Ya yi tsalle sau ɗaya, ɗan ƙarami, irin wanda mutum zai iya musantawa daga baya. Wani ya ce a kawo kujera. Justina ta riga ta taso da ita a hannu, tana ratsa mutane.

Ilyasu ya hango ta. Ya ga idan kujerar nan ta iso, wata kujerar ta tafi. Sai ya ce, "Bismillahi," ya sa hannu biyu a hammatar shugaban hukuma, ya ɗaga shi sama.

Ƙafafun shugaba suna reto. Takalmi ɗaya ya faɗo.

"Sauke ni."

"Ka ja tukuna, ranka ya daɗe. 'Yan talbijin na jira."

"Na ce ka sauke ni!"

"Ai ba ka da nauyi, Yallaɓai. Ko awa guda zan iya."

Shugaba ya ga babu hanyar sauka sai ta igiyar. Ya cafke ta, ya fizga da duk fushin da ya tara tun daga bakin mota. Labule da sandarsa suka tsinko gaba ɗaya suka lulluɓe kan Ilyasu. Ilyasu ya ja da baya taku ɗaya, kuma takunsa ɗaya taku uku ne na sauran mutane. Ya faɗa cikin jerin tukwane. Ƙarar fashewarsu ta yi ta bin juna, shi yana tangaɗi da shugaba a sama kamar mai ɗauke da tulu, har ƙafarsa ta zame ya sake shi. Dakta Umar Farouk ya sauka daidai bakin babbar randa, ya shige har ƙugu, gwiwoyinsa a ƙirji.

Ɗan sanda ya ɗaga gindin bindiga zai fasa randar. Mama Monica ta sha gabansa.

"Kar ka taɓa! Sati uku na yi ina gina shi. Wannan dogon ya fasa goma sha ɗaya, ba za ku ƙara ba."

Ita da Justina suka kama shugaba, ɗaya a kowane hannu, suka murɗa shi a hankali har ya fito. Justina ta miƙa masa takalminsa. Bai dubi kowa ba. Jiniyar komawa ta fi ta zuwa sauri.

Ranar Litinin Alhaji Maitama ya kira Justina ofishinsa. Jaridu uku suna kan tebur, a kife.

"Kin san tsawon shugaba tun farko?"

"Na sani, Yallaɓai."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Farko a gabanka."

"A rubuce?"

"A'a."

"To kin gani." Ya tura mata takarda. "Za ki yi riƙon ƙwaryar sashen har a sami wanda ya dace. Ki kuma amsa wannan tuhuma kafin ƙarfe huɗu."

Ta karanta, ta ninke, ta fito. A bakin matakala ta tarar da ma'aikata sun kewaye Ilyasu, wanda ke ɗauke da kwalin kayansa, da filasta a goshi. Tasa takardar daga hawa na bakwai ta sauko, da sa hannun shugaba. An tura shi cibiyar tukwane nan take, domin a cewar takardar shi kaɗai ne a hukumar yake iya karanta allon, saboda haka ya zauna a can ya riƙa karanta wa baƙi.

"Cibiya guda aka damƙa mini," yake gaya musu. "Ku kuna nan kuna rabon tebur. Kuma ku faɗa mini tsakani da Allah, duk shekarun da kuka yi a hukumar nan, waye a cikinku ya taɓa riƙe shugaba a hannu?"

"Babu," in ji Justina. "Ka yi sauri, mota na jira. Mama Monica ta aiko a gaya maka ka zo da gajeren wando. Ta ce ta duba ƙafafunka da kyau, za su yi daidai da taka yumɓu."